Takalmi ba birki ba ne

Duk malamin da ya taɓa tsayawa duba tsaftar yara a layin safe ya san akwai abin da takalmi ke faɗa wanda mai shi ba zai faɗa ba. A zangon karatun da ya wuce na lura da wani yaro a ajina, ɗan shekara 13, takalminsa na dama ya cinye ta ƙasa har ana hango safa, na hagu kuwa kamar jiya aka saye shi. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Abokinsa ne ya tona: "Ticha, da shi yake taka birki." Wato in ya gangaro da kekensa, sai ya miƙa ƙafa baya ya danne taya da tafin takalmi har keken ya tsaya. Yara suka yi ta dariya, ni ma da farko na dara. Da aka tashi sai na je na duba keken. Wayar birkin gaba ta tsinke tun tuni, an naɗe ta a jikin kan keken. Robar birkin baya ta ƙare, saura ƙarfe. Fitila kuwa babu gaba babu baya. Da wannan keken yake komawa gida bayan darasin yamma, da shi yake zuwa makarantar dare, kuma da shi ake aikensa sayen koko da asuba.

Wannan yaro ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Aboabo ko Sawaba ko Asawase, tsakanin Magariba da Isha'i, zai gan su suna wucewa kamar inuwa: 'yan makaranta, masu gadi da ke tafiya aikin dare, yaran teloli, yaran fitoci da suka taso daga Magazin ɗin Suame, 'yan kondem da lodin ƙarafa a baya. Sai mutum ya zo daf da kai kake sanin akwai shi. Yawancinsu ba sha'awa ce ta ɗora su kan keke ba. Kuɗin trotro da pragya safe da yamma ya fi ƙarfin aljihu, keke kuwa sau ɗaya ake saye, ba ya shan fetur. Shi ya sa ba mu goyon bayan a ƙwace keke daga hannun yara, kamar yadda wasu iyaye ke yi da zarar an ji labarin hatsari. Abin da muke cewa shi ne, cinikin keke bai ƙare ba sai an tabbatar birkinsa biyu suna kamawa, kuma akwai jar fitila a bayansa. Wanda ya biya kuɗin keken, uba ne ko uwa ko yaya ko maigida, shi wannan nauyi ya hau. In kuɗin ba su isa a yi komai rana ɗaya ba, to a fara da birki, sannan fitilar baya, sannan ta gaba.

Kumasi gari ne da dare ke faɗo wa da sauri. Duk tsawon shekara rana na faɗuwa tsakanin shida saura kwata da shida da rabi, kuma da an yi minti 20 da 'yan kai bayan faɗuwarta, duhu ya rufe. Yaron da ya bar filin ƙwallo da sauran haske, kafin ya kai gida ya zama baƙin abu a kan baƙar kwalta. Lokacin ne kuma aka fi cunkoso. An taso daga Kejetia da Adum, kowa sauri yake, direban trotro idonsa na kan fasinja a gefen titi, mai pragya na neman kafar da zai kurɗa. Ga shi garin tudu da kwari ne. Tamale a shimfiɗe take, kuma tana da hanyar keke a gefen manyan titunanta. Mu a unguwanninmu ba mu da wannan gata, kuma yawancin gangarorinmu ƙarshensu gada ce, ko buɗaɗɗiyar kwata, ko mahaɗar da motoci ke ratsawa. A ƙara da damina biyu da muke yi a shekara, wadda ke jiƙa ƙarfe ta sa shi santsi da tsatsa.

Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, NRSA, ta ƙirga kusan mutum 2,500 da suka mutu a titunan Ghana a 2024. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma hatsarin hanya shi ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato shekarun 'ya'yanmu da ƙannenmu. Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗan JHS zai iya yi a bayan littafinsa: motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokokin hanya na 2012 suka yarda da shi a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki, wannan daƙiƙar ta tafi. In sai da ya rage mita 15 ya hango ka, to ko waliyyi ne a kan sitiyarin, ba abin da zai iya yi maka.

Mu fara da birki, tunda shi ake bukata dare da rana.

Gwajinsa ba ya cin minti ɗaya, kuma ba sai wanda ya iya hawa keke ba. Uwa ma za ta iya yi a tsakar gida. A tsaya gefen keken, a matse birkin gaba, a tura shi gaba. In birkin na da lafiya tayar gaba za ta kafe, ta baya ta ɗaga sama. A saki, a matse na baya, a sake turawa: tayar baya ta ja ƙasa ba tare da ta juya ba. Sannan a duba hannun birkin kansa. In an matse shi iya ƙarfi bai kamata ya taɓa kan keken ba, sai dai ya bar wurin da yatsa zai shiga. Idan yana mannewa, birkin ya saki, komai kyan fentin keken.

Robar birki, wadda ke matse rim ɗin da taya ke zaune a kai, tana zuwa da 'yan tsagogi a fuskarta. Ba ado ba ne. Su ke fitar da ruwa da laka, su ne kuma ma'auninta: ranar da suka shafe, robar ta gama aiki. Wanda ya ci gaba da hawa bayan nan, ƙarfen da ke riƙe da robar ne zai fara gugar rim, kuma za a ji shi yana ƙara kamar ana wasa wuƙa. Nan ne ƙaramar asara ke zama babba, domin rim ya ninka roba tsada sau da yawa, kuma rim ɗin da ya rarake yana iya tsagewa saboda ƙarfin iskar taya alhali mutum na kan gudu. A shafa gefensa da yatsa. In ya yi kwarmi kamar cokali, a kai wa mai gyara ya gani. Wani abin da aka cika mantawa shi ne jar ƙasarmu. Tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfe na nutsewa cikin robar, sai ta koma kamar sanfefa tana cin rim. Lokaci-lokaci a cire su da tsinin ƙusa ko allura, a ɗan goge fuskar robar in ta yi sulɓi tana ƙyalli. Kekunan gwanjo da ake saukewa a Tema kuwa, wasunsu sun yi shekaru a ajiye kafin a loda su. Za ka ga robar da kaurinta, amma ta bushe ta yi tauri kamar katako. Danna ta da farce. In bai shiga ba, canza ta ko da a ido sabuwa ce.

Canzawar ba wani aikin injiniya ba ne. Yawanci alanki mai lamba 5 ko sifana mai lamba 10 sun isa. A cire tsohuwar a tafi da ita shago, domin robar iri-iri ce, kuma mai shago na iya miƙo maka wadda ba ta keken ba ce ya ce ai duk ɗaya ne. A canza hagu da dama tare. Wajen ɗaurawa a lura da abu biyu: robar ta kwanta sosai a kan rim, kada samanta ya taɓa taya (in ya taɓa, zai yanka ta a hankali har ta fashe), kada kuma ƙasanta ya zarce rim ya rataya. In akwai kibiya a jikinta, kibiyar gaba take kallo. Masu gyaran da suka san aikinsu kan sa bakin robar na gaba ya riga na baya taɓa rim da ɗan kaɗan, kamar kaurin kwalin ashana. Wannan ne ke hana kukan nan da ke tashin unguwa. Tazarar roba da rim kada ta wuce milimita 2 zuwa 3 kowane gefe.

Sai waya. A inda take shiga hannun birki akwai wani ɗan noti da ake murzawa da yatsa. In birki ya ɗan saki, a warware shi waje zagaye ɗaya ko biyu, sai wayar ta ƙara ɗamewa. In hakan bai isa ba, a mayar da shi ciki, a kwance notin da ke riƙe da wayar a wajen taya, a ja ta da filaya, a sake ɗaurewa. Amma in an ga ko zare ɗaya na wayar ya tsinke ya miƙe, musamman can cikin hannun birki inda ido ba ya kaiwa sai an matse, to sauran ma suna hanya. Wayar birki ba ta tsinkewa a lokacin da ake tafiya a hankali. Tana tsinkewa ne a ranar da aka matse ta da dukan ƙarfi, wato ranar da yaro ya fito daga lungu ko aboboyaa ta tsaya ba sigina. Ƙulla ta, ko haɗa ta da wayar lantarki, ba gyara ba ne.

Akwai ɗabi'u uku da muke gani kullum, kuma duka ukun da kyakkyawar niyya ake yin su. Wani in birkinsa na kuka sai ya ɗiga masa mai. Kukan zai daina, birkin ma zai daina. Haka wanda ke ambaliya wa sarƙa baƙin mai har ya riƙa fantsama kan rim ɗin baya. Mai na cikin bututun waya ne da kan sarƙa, kaɗan, a goge saura. In ya taɓa rim, a wanke da ruwa da sabulu, in kuma robar ta sha shi a jefar da ita. Wani kuma wilinsa ne ya karkace yana gugar roba a kowane zagaye, maimakon ya kai a ɗaure masa sifoki wilin ya miƙe, sai ya sassauta birkin don gugar ta daina. Ya huta da ƙara, ya kuma rabu da birki.

Ta ukun ita ta fi damunmu, domin manya ne ke koya wa yara. Wai birkin gaba na kifar da mutum, don haka a cire shi ko a bar shi a mace. Gaskiyar ita ce, duk lokacin da abin hawa ke rage gudu nauyinsa gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, ta baya kuwa nauyi ya bar ta, saurin zamewa take. Mai birkin baya kaɗai zai ci hanya mai nisa kafin ya tsaya, balle a gangara, balle in ya goya ƙaninsa ko ya ɗauro galan ɗin Kufuor cike da ruwa. Abin da ke kifar da mutum shi ne fizgar birkin gaba gaba ɗaya cikin firgita. Maganinsa koyo ne: a matse biyun tare, a hankali sannan da ƙarfi, a ja jiki baya kan sirdi, a miƙe hannaye. Rabin awa a filin makaranta ya isa yaro ya iya. A nan ma akwai tarkon da kekunan gwanjo ke zuwa da shi. Wanda ya fito daga Ingila ko Japan, hannun dama ne birkin gaba. Wanda ya fito daga Amurka ko mafi yawan sauran ƙasashen Turai, hannun hagu ne. Yaron da ya saba da nasa ya ari na abokinsa, sai ya fizgi na gaba yana zaton na baya ne. Kafin a hau keken aro, a matsa a gani.

Masu tsohon basukur irin Phoenix mai birkin sanda da rim na farin ƙarfe, su sani cewa in ruwa ya jiƙa wannan rim birkin kusan ba ya kamawa a zagayen farko. A riƙa ɗan taɓa shi tun daga nesa don ya share ruwan. Kekunan Japan masu kwando kuwa da yawansu birkin bayansu a rufe yake a tsakiyar wili. Wannan kada a zuba masa komai da ka, a kai wa wanda ya san shi.

To, fitila. Aikinta biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba a wajen kuɗi: akwai ta a gan ka, akwai ta ka gani. Ta farkon ita ce mai araha, ita ce kuma ta fi ceton rai a cikin gari. Dalilin da ya sa muka ce a fara da ta baya shi ne, abin da ke zuwa ta gabanka kana ganinsa, kana iya kaucewa, amma wanda ke bayanka rayuwarka na hannun idonsa. Sannan tun shekarun dumso babu gidan da ba a bar shi da tocilar caji ba. Ana iya ɗaure ta a kan keke da yankin tsohon tub kafin a samu kuɗin ta gaskiya. Jar fitila kuwa ba ta da madadi a gida. Wannan ba yana nufin ta gaba ba ta da muhimmanci ba, domin a mahaɗa ita ce ke hana direban da zai shigo titi ya fito a kanka.

Launi ba zaɓin rai ba ne. Fari a gaba, ja a baya, haka yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tsara wa keke, tare da birki mai aiki da ƙararrawa da jan rifilakta a baya, kuma haka idon kowane direba ya saba karantawa. Wanda ya sa farar fitila a baya ya gaya wa na bayansa cewa tahowa yake. Fitilun nan masu shuɗi da kore da ke rawa a jikin sifoki, waɗanda samari ke so, ba laifi a wajen ado, amma ba sa gaya wa kowa ina ka dosa.

A kasuwa kuma sai an yi hattara da abin da aka rubuta a kwali. Ana auna hasken fitila da lumen. Ta baya mai lumen 20 zuwa 50 ta wadatar. Ta gaba, a titin da ke da fitilun gwamnati, 100 zuwa 200 sun isa a gan ka, wanda kuma ke ratsa lunguna masu duhu da ramuka yana bukatar 300 ko fiye. Amma za ka ga 'yar fitila kamar babban yatsa an rubuta mata lumen 5,000 ko 10,000. Ƙwan fitilar mota na yau da kullum bai wuce 1,000 zuwa 1,500 ba, sai ka yi wa kanka hisabi. Haka batirin nan mai kama da ɗan yatsa da ake kira 18650: mafi kyawunsa a duniya yana wajen mAh 3,500, don haka duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tun daga masana'anta. Araha ba ta ado, amma babbar lamba ma ba ta haske. Ka bar kwalin, ka gwada abin a gaban mai shago. Kunna ta, girgiza ta, ɗan buga ta a tafin hannu. In ta yi ƙifta-ƙifta, ramin farko zai kashe ta. Koma gefe ka duba ko ana ganin haskenta ta nan, domin a mahaɗa ta gefe ake zuwar maka. Duba ramin caji, ya kasance da murfin roba mai kamawa, in kuma an rubuta IPX4 ko sama da haka, to an yi ta don ta jure fantsamar ruwa. Duba maɗaurinta. Yawancin fitilu masu araha ba ƙwansu ke fara mutuwa ba, maɗaurin busasshiyar roba ne ke karyewa su faɗi a titi. Mai ɗamarar roba mai talewa ta fi daɗewa, kuma in ta tsinke yankin tub zai maye gurbinta.

Tsakanin ta caji da ta batir, mu dai ta caji muke ba da shawara, wadda cajar waya ke shiga. Ta batir ta fi sauƙi ranar saye, amma kowane 'yan makonni sai ta nemi nata kuɗin, kuma mun san yadda ake yi: batir ya mutu, a ce gobe, goben ta zama wata uku, batirin ya zubar da ruwa ya cinye cikin fitilar. Kafin ma a sayi komai, a duba ko keken da dainamo ya zo. Da yawa daga cikin na gwanjo suna da shi, wani a jingine da taya, wani a cikin tsakiyar wilin gaba, kuma sau da yawa 'yar waya ce kawai ta tsinke a kwantena. Dainamo ba ya neman caji, ɓarawo ba ya zare shi cikin sauƙi. Aibinsa, irin na da yana mutuwa da zarar ka tsaya, na jikin taya kuma yana zamewa a ruwa, don haka ko da shi a ƙara 'yar ja a baya.

Wajen ɗaurawa, ta gaba ta ɗan sunkuya tana haska ƙasa 'yan mitoci a gabanka. Wadda ke kallon sama idon mutane take kashewa, kuma direban da ka kashe wa ido kai zai fara bugewa. Ta baya kada jakar makaranta ko lodi ko gefen jallabiya su rufe ta. (Ita jallabiyar ma, da dogon hijabin 'yan mata, a tattare su, sifoki ba sa jin magana.) In fitilar na da salon ƙiftawa, yana ja wa caji kwana kuma yana jan ido da magariba, amma a tsakiyar duhu mai tsayayyen haske ta fi taimaka wa direba ya auna nisanka. Rifilakta a feda da sifoki, ko ɗan yankin tef mai ƙyalli irin wanda ake manna wa manyan motoci, ƙari ne mai amfani da kusan ba ya cin kuɗi, kuma wanda ke motsi tare da ƙafa ya fi saurin nuna cewa mutum ne a kan keke. Sai dai shi rifilakta ba ya da hasken kansa, sai an haska shi. Duk mun san babura da aboboyaa nawa ke yawo da dare da fitila ɗaya mai ciwon ido, ko ma babu.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mu ma albashin nan muke jira ƙarshen wata. Za a ce ana fama da kuɗin haya da na abinci, wa ke ta fitilar keke. Ba mu raina wannan ba. Amma robar birki guda biyu ba ta kai kuɗin takalmin da yaron ke cinyewa a madadinta ba, 'yar jar fitila kuma ba ta kai kuɗin datar da yawancinmu ke saye a wata ba, ballantana a kwatanta da kwana ɗaya a ɗakin hatsari na asibitin Komfo Anokye. Za a ce za a sace. Gaskiya ne, za a sace in an bar ta, shi ya sa ake zare ta a sa a aljihu a ƙofar masallaci ko makaranta, kamar yadda ba wanda ke barin wayarsa a kan sirdi. Wasu kuma za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na zagaya inda yara ke jingine kekuna a makarantarmu, kusan kowanne da sarƙa da kwaɗo, wani kwaɗon ma ya fi fitila biyu tsada. Ban ji wanda ya bar kekensa a buɗe don sata ba ta wuce ranarta ba.

Masu sayar da keke da masu gyara, ku ne kuka fi kowa ganin wannan abu. Yaro ya kawo faci, kun ga birkinsa a mace, kun karɓi kuɗin faci kun sallame shi. Ba mu ce ku yi aikin kyauta ba, amma ku ce masa ya gaya wa babansa, ko ku kira uban da kanku, tunda duk unguwa ɗaya muke. Mai sayarwa kuma ya haɗa kuɗin sabuwar roba da fitila cikin ciniki tun farko. Ƙungiyar Village Bicycle Project, wadda ta fara aiki a Ghana tun 1999, tana haɗa ba da keke da darasin gyara na yini guda ga wanda zai karɓa. Duk mai raba wa ɗalibai kekuna, ɗan siyasa ne ko ƙungiya, ya kamata ya ɗauki wannan, ya ƙara da fitila, kafin a kira masu ɗaukar hoto.

Mu malamai ma da namu laifin. Muna duba farce da aski da safa, ba ma duba abin da ya kawo yaron makaranta. Minti 10 a layin safiyar Juma'a sun isa a matsa birkin kowane keke, kuma kwamitin iyaye zai iya kiran mai gyara ɗaya sau ɗaya a zango ya zauna a gindin bishiya. Malaman makarantun dare, waɗanda ke sallamar yara bayan Isha'i, su ya fi kamata su tsaya a ƙofa su ga wa zai hau titi ba haske.

Majalisar Asokore Mampong da KMA kuwa, duk mai sayen wutar mita yana biyan harajin fitilun titi a cikin kuɗinsa, don haka neman a gyara waɗanda suka mutu ba roƙo ba ne. Dokokin 2012 ɗin nan sun sa iyakar gudu kilomita 30 a awa kusa da makaranta da masallaci da coci da kasuwa, kuma in aka bi wannan ma'auni, kusan duk titin da ke cikin Zango ya shiga. A kafa alamun, a sa tudun rage gudu inda ya dace, musamman wuraren da yara ke tsallaka babban titin da ya taso daga shataletalen filin jirgi zuwa Anloga. NRSA ta kawo wayar da kanta cikin Hausa a gidajen rediyon da mutanenmu ke saurare, ta kuma ambaci keke da sunansa, domin yawancin maganar kan mota da babur take tsayawa. Abin da ba mu nema shi ne a fara kama yara ana ƙwace kekuna, wanda ƙarshensa ciniki ne a bakin titi.

Shi yaron nan, na aika a kira mahaifinsa. Mutumin kirki ne, ya zo da guminsa daga wurin aiki. Da na nuna masa keken ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Ticha, takalmi biyu na saya masa bana, ina ta yi masa faɗan ƙwallo." Muka tura keken wurin mai gyara a bakin layi, aka sa sabuwar waya da roba huɗu, bai kai rabin awa ba. Jar fitilar sai da aka yi mako biyu kafin ta samu. Ta gaba har yanzu tocilar gidansu ce, ɗaure da yankin tub, kuma sai ya mayar wa mahaifiyarsa ita kowane dare in ya dawo.